Waiwaye: Abin da Mahauta Suka Riga Likita Gani

A ƙarshen shekarun 1970, wani malamin tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Dokta B.J.O. Dada, ya bi mayankun Arewa, har da Abbatuwar Kano, yana duba kayan cikin dabbobin da aka yanka. Abin da yake nema shi ne wata jakar ruwa da ke tsirowa a cikin huhu da hantar dabba, wadda likitoci ke kira haidatid. Shi da abokan aikinsa sun wallafa abin da suka gano tsakanin 1978 da 1980. Sun same ta a shanu da tumaki da awaki, amma raƙumi ne ya ɗauki tuta: sama da rabin raƙuman da aka duba suna ɗauke da ita. Sun kuma sami uwar tsutsar da ke haifar da ita a hanjin wasu karnukan da ke gararamba a gari.

Wannan sakamako ya shiga mujallun masana a Ingila, ya kwanta a ɗakunan karatu. Da a lokacin an tambayi kowane mahauci a Fagge, da ya ce ai wannan tsohon labari ne. Kullum wuƙarsa tana cin karo da ita. Abin da bai sani ba, wanda kuma har yau da yawanmu ba mu sani ba, shi ne irin wannan jakar tana iya tsirowa a ƙirjin ɗansa.

Unguwarmu Bacirawa, a wancan zamani, gonaki ne da 'yan gidaje a warwatse, a bakin hanyar Katsina, cikin ƙasar Ungogo. Tana cikin zoben nan na karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda ba a barin gona ta huta, wanda wani masani, Michael Mortimore, ya yi nazarinsa tun a shekarun 1960. Jakuna su kai itace da hatsi birni, su komo da mangalolin taki da sharar gari a zuba a gona. Kowane gida da 'yan tumakinsa a ɗaure a turke lokacin damina, da kaka a sake su cikin karmami. Kare kuwa ba a rasa shi: na 'yan farauta, na gadi, da wanda ba shi da ubangida. Yau birni ya taso ya haɗiye mafi yawan gonakin, bulo ya maye gurbin dawa, amma turken tumaki yana nan a bayan gida, karnukan ma suna nan, sai dai ƙaruwa da suka yi saboda bola ta ƙaru.

Muna yara, ranar kasuwa ko ranar suna, mukan kewaye mai fiɗa muna jiran a ba mu 'yar tsoka. Na tuna wani dattijon mahauci da ya ciro huhun rago ya ga wani ƙullutu fari a jikinsa, ya soka masa tsinin wuƙa, ruwa garai-garai ya yi tsartuwa. Wani daga cikinmu ya ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya ce, "Ruwa ne kawai, ɗan nan, ba a cin wurin." Ya yanke gefen ya wurga wa karen da ke zaune yana kallonsa. A nasa ganin ya kyauta sau biyu: bai sayar wa mutane abin ƙyama ba, ya kuma ciyar da dabba.

Matsalar ita ce wannan lomar da ya wurga, ita ce ke raya cutar. Mutum ba ya kamuwa don ya ci huhun da ke da jakar. Wannan shi ne abin da ke ba mutane mamaki in an faɗa musu. Kare ne ke kamuwa. A cikin ruwan nan akwai dubban kawunan tsutsa waɗanda ido ba ya rarrabe su. In kare ya haɗiye su, sai su maƙale a hanjinsa su zama wata 'yar ƙaramar tsila da tsawonta bai wuce milimita 3 zuwa 6 ba. Bayan kamar mako shida ta fara zubar da ƙwai a cikin kashinsa. Karen lafiyarsa ƙalau, yana ci yana haushi. Ƙwan ya bi ƙasa, ya hau ciyawa, ya shiga ruwan kududdufi, ya maƙale a gashin karen. Tunkiya ko raƙumi ya ci ciyawar, jaka ta tsiro a cikinsa, a yanka shi, a jefa wa kare. Haka abin yake zagayawa. Mutum faɗowa yake yi cikin zagayen bisa tsautsayi: yaron da ya yi wasan ƙasa ya ci tuwo bai wanke hannu ba, latas ɗin lambu da aka ɗauraye sama-sama, ruwan da kare ya riga mu sa baki.

Nan ne muke ruɗin kanmu. Bahaushe ba ya rungumar kare, ba ya kwana da shi a ɗaki, kuma malamai sun karantar da mu wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa mata baki. Wannan kariya ce ta gaske, kuma zafin rana da bushewar ƙasarmu suna kashe ƙwan da wuri. Amma ƙwan ba ya bukatar ka shafa kare. Inuwar mangwaro mai danshi a bakin lambu ta ishe shi ya yi watanni da rai.

In ƙwan ya shiga cikin mutum, ɗan tsutsar da ke ciki yakan huda hanji ya bi jini. Tashar farko hanta ce, kuma nan kusan kashi 70 cikin 100 suke tsayawa. Waɗanda suka wuce, huhu ne ke tare su, kusan kashi 20. A nan sai ya zama jaka mai cike da ruwa, tana girma a hankali, santimita 1 zuwa 5 a shekara. Huhu yana da laushi, ba ya matse ta kamar hanta, don haka takan fi saurin girma a can, musamman a ƙirjin yara. Mutum zai iya shekara biyar, goma, yana noma yana kasuwa bai san da ita ba. Wani sai an yi masa hoto don wani dalili dabam a ganta. Wani kuma tari ne zai fara, da ciwon gefen ƙirji, wata rana ya ga jini a kakinsa.

Daga ranar da ya ga jini, hanyarsa sananniya ce. Kemis, sai mai magani, sai asibitin sha-ka-tafi, daga nan a ce ya shiga gari ya yi hoton ƙirji, ko a Asibitin Murtala, ko Asibitin Zana, ko wani wurin ɗaukar hoto na kuɗi. Ya dawo da baƙar leda mai zanen haƙarƙarinsa, likita ya ɗaga ta wajen haske.

Tun da Wilhelm Rontgen ya gano hasken da ake ɗaukar wannan hoto da shi a Jamus a 1895, abin da yake nunawa bai sauya ba: inuwa. Iska baƙa, ƙashi fari, ruwa da tsoka tsaka-tsaki. Jakar da ba ta fashe ba takan fito a matsayin farar inuwa zagayayya, mai santsin baki, launinta ɗaya daga gefe zuwa gefe, galibi a ƙasan huhu, kuma ta fi son ɓangaren dama. In iska ta samu ta kutsa tsakanin bangon jakar da naman huhu, sai a ga wani siririn baƙi ya lanƙwasa a samanta, wanda likitoci ke kira alamar jinjirin wata, kuma gargaɗi ne cewa ta kusa fashewa. In ta fashe cikin hanyar numfashi, wani ruwan ya fita, iska ta shiga, fatar jakar ta saki ta yamutse tana yawo a saman ragowar ruwan. Wannan ita ce alamar bado, don kamar ganyen bado take a kan tafki. Wanda ya taɓa ganinta sau ɗaya ba ya mantawa, kuma kusan ita kaɗai ta isa a kira sunan cutar.

Sai dai alamar bado ba kullum take zuwa ba. Abin da ya fi zuwa shi ne inuwar da za ta iya zama komai: ƙurji mai ruwa a huhu, ko ciwon daji, ko tarin fuka. In jakar ta fashe ƙwayoyin cuta suka shiga ta yi mugunya, to hoton ya rikice gaba ɗaya, ga zazzaɓi, ga rama, ga kaki mai wari.

Ba na ganin laifin likitan da ya fara kawo tarin fuka a ransa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan ciwo, Kano kuma tana cikin jihohin da suka fi ɗaukar nauyinsa. In mutum ɗari suka zo da tarin jini a Ungogo, tarin fuka ne zai kwashi rabo mafi tsoka, wanda ya yi sakaci da shi kuma zai kashe mutane. Inda nake da ja shi ne mataki na gaba. An kai kaki an saka a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010, ta ce babu. An maimaita, babu. Ƙa'ida ta ba likita damar ya ɗora mutum a kan maganin wata shida bisa hoto da alamomi kawai, kuma sau da yawa hakan daidai ne. Amma in an sha wata biyu, wata huɗu, inuwa tana nan zagayayya yadda take, ko ma ta ƙara faɗi, bai kamata abin da zai fara zuwa a rai ya zama "ba ya shan magani yadda ya kamata" ba. Tarin fuka ya fi son saman huhu, kogonsa ba shi da santsin baki, kuma yakan zo da gumin dare da rama. Mutumin da ke da ƙibarsa, yana cin tuwonsa, ga zagayayyar inuwa a ƙasan huhu, ya cancanci a sake zama a yi masa tambayoyi.

Ƙasar nan ta taɓa koyon irin wannan darasi, a wani gefenta. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, yunwa ta sa mutanen Gabas cin ƙaguwar rafi, sau da yawa ba ta dahu sosai ba. Da yaƙi ya ƙare sai asibitoci suka cika da masu tarin jini, hotunansu da inuwoyi da 'yan ƙananan zobba a huhu. Kowa ya ce tarin fuka, abin da ake tsammani ke nan bayan yunwa da gudun hijira. Farfesa Chukwuedu Nwokolo, a Inugu, shi ne ya fito da maganar cewa da yawansu wata tsutsar huhu ce mai suna faragonimus, wadda ke ɓuya a jikin ƙaguwa. Ana ganin ƙwanta in an duba kaki a madubin ƙara girma, matuƙar an san ana nemansa. Ya wallafa bayanin ɓarkewar a 1972. Na'urar hotonsa ba ta fi ta sauran likitoci ba. Abin da ya ƙara a kai shi ne tambayar me mutanen nan suka ci a shekarun yaƙi.

Mu namu tambayoyin ba na ƙaguwa ba ne. Akwai kare a gidanku ko a maƙwabta? Kana farauta? Sana'ar gidanku fawa ce? Kun taɓa zaman ruga, ko kiwon raƙuma, ko zama kusa da kwata? Sannan tambaya guda da ke da nauyin hoto sukutum: ka taɓa yin tari ka ji ruwa mai gishiri-gishiri ya cika maka baki farat ɗaya, ko ka tofar da wata farar fata-fata? Wanda jakarsa ta fashe ba ya manta wannan ranar, amma ba zai faɗa ba sai an tambaye shi, don a ganinsa ba ta da alaƙa da tarin. Duk tambayoyin ba su cin minti biyu.

Wani zai ce, to mene ne na gaggawa, tunda abu ne mai tafiyar hawainiya? Gaggawar tana wajen allura. Al'adar likita in ya ga ruwa ya taru a ƙirji ita ce ya soka allura ya zuƙo kaɗan ya gani. A kan wannan jaka, soka allura ganganci ne. Ruwanta in ya malala cikin ƙirji yana iya tayar da borin jini mai tsanani nan take, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi. In mutum ya tsira daga wannan, kawunan tsutsar da suka watsu kowane yana iya zama sabuwar jaka. A hanta akwai wata dabara ta zuƙe ruwan da allura ƙarƙashin kulawar sikanin, ana yinta ga wasu nau'o'in jakar, amma ba a yin ta a huhu. Saboda haka sunan da aka raɗa wa inuwar tun farko shi ke yanke abin da hannu zai yi.

Abin da ke warware shakka shi ne siti-sikan, na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro a Ingila a farkon shekarun 1970, wadda ke yanka hoton jiki faifai-faifai. Ita tana iya auna cewa abin da ke cikin inuwar ruwa ne ba tsoka ba, ta nuna kaurin bango, ta nuna fatar da ta saki ko da hoton farko bai nuna ba, ta kuma tona wasu ƙananan jakunkuna da suka ɓuya a bayan zuciya. Akwai ta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu wuraren a birni. Kuɗinta ne ba na manomi ba, shi ya sa bai dace a tura kowa ba, sai wanda tambaya da hoton farko suka nuna. Gwajin jini kuwa yana taimakawa in ya ce akwai, amma in ya ce babu ba a sakankancewa, domin jakar huhu da ba ta fashe ba sau da yawa ba ta tayar da garkuwar jiki har gwaji ya kama.

Akwai wata hanya mai araha da ake mantawa da ita. Sikanin ɗin nan da ake yi wa masu juna biyu, wanda yanzu kusan kowace unguwa akwai shi, ba ya ratsa iskar huhu, sai in jakar ta jingina da bangon ƙirji. Amma yana ganin hanta sarai. Wani kaso na masu jakar huhu suna da 'yar uwarta a hanta, kuma a can kamanninta ba sa ɓuya. Wani likitan hoto ɗan Tunisiya, Hassen Gharbi, shi ya fara kasa kamannin nata gida biyar a 1981, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata tsarin a 2003. Duk wanda aka ga zagayayyar inuwa a huhunsa, a ɗora masa sikanin a ciki kafin a yi maganar komai.

Wannan na'urar ce ma ta tona asirin cutar a ƙasar Turkana ta arewacin Kenya, wajen makiyaya masu raƙuma da awaki da karnuka. Ƙungiyar AMREF ta fara yaƙi da ita a can a 1983, masu bincike irin su Calum Macpherson suka riƙa ɗaukar ƙaramin sikanin da janareto suna bin rugage. Suka tarar sama da mutum 5 cikin kowane 100 na ɗauke da jakar, da yawansu ba su taɓa kai ƙara asibiti ba. Ban ce Kano Turkana ce ba. Zamansu da kare ya fi namu kusanci nesa ba kusa ba. Rahotannin kamuwar mutane a Najeriya 'yan kaɗan ne, jefi-jefi. Amma a duniya Hukumar Lafiya ta ce sama da mutum miliyan 1 ke ɗauke da cutar a kowane lokaci, kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙasar da raƙumanta ke shigowa daga Nijar da Chadi ta kasuwannin Maigatari da Mai'aduwa, ake yanka su kullum a tsakiyar birni, aka kuma tabbatar da tsutsar a karnukanta shekara arba'in da wani abu da suka wuce, ni dai ban yarda ƙarancin rahotonta ƙarancin cuta ne zalla ba. Wani ɓangarensa ƙarancin nema ne.

Kuma dalilin rashin neman a fili yake. Likitan dabbobin da ke duba nama a mayanka yana rubuta abin da ya gani ya kai ma'aikatar gona. Likitan da ke karanta hoton ƙirji yana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Tsakanin Abbatuwa da Asibitin Murtala tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita-sahu, amma takardar wancan ba ta zuwa teburin wannan. Ɗalibin likita yana karanta haidatid a matsayin ciwon mutanen Ajantina da Turkiyya da Ostareliya, ya amsa ta a jarrabawa, ya ajiye. Yanzu ga wani sabon salo ya shigo: motocin da ke yawo unguwanni da na'urar hoton ƙirji, kwamfuta ta karanta hoton ta ba da maki, abin da Hukumar Lafiya ta amince da shi a 2021 don tace masu tarin fuka. Ci gaba ne, yana kama mutanen da da sai sun galabaita za a gano su. Amma an horar da kwamfutar ne ta auna kusancin hoto da tarin fuka. Ba za ta tambayi kowa ko mahaifinsa mahauci ne ba. Hotuna za su ƙaru, inuwoyin da ba tarin fuka ba su ma za su ƙaru, kuma dole a sami mutumin da zai tsaya a kansu.

In an gano ta, magani yana nan. Ƙaramar jaka takan ji ƙwayar albendazol ta tsawon watanni. Babba kuwa sai tiyata: a buɗe ƙirji, a kewaye wurin da ƙyallaye don kada ruwan ya zuba, a ciro jakar, a ɗinke ƙofofin iska, a bar wa mutum huhunsa. Yawancin waɗanda aka yi wa kafin ta fashe suna komawa gona.

Ƙasashen da suka rabu da cutar kuwa ba a ɗakin tiyata suka yi nasara ba. A ƙarni na 19 ta addabi tsibirin Aislan, har wani likita ɗan Denmak, Harald Krabbe, ya rubuta ɗan littafi a 1864 yana bayyana wa manoma alaƙar kare da tunkiya da mutum, aka raba shi gida-gida. Niyu Zilan, ƙasar tumaki, ta kafa doka a 1959, ta hana ba kare ɗanyen kayan ciki, ta riƙa ba karnuka magani a kai a kai, a 2002 ta bayyana cewa ta tsarkaka. Shekara 43 ke nan ana abu ɗaya.

A Bacirawa yankan da ya fi yawa ba a mayanka ake yin sa ba. A ƙofar gida ake yi, ranar suna da ranar layya, inda babu malamin dabbobi, sai mai fiɗa da yara da karnuka suna jira. Nan ne maganar Sarkin Fawa da mai unguwa da limamin da zai yi huɗubar Idi za ta fi ta kowane likita tasiri: huhu ko hantar da aka ga ƙullutun ruwa a jikinta, kada a fasa, kada a wurga bola, a ƙona ta ko a haƙa rami mai zurfi a binne. Masu karnukan farauta da na gadi kuma, ƙwayar furazikwantel da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi tana kashe tsilar a hanjin kare da sha ɗaya. Ana maimaitawa duk mako shida, kafin sabuwar tsutsa ta isa zubar da ƙwai, kashin da karen ya yi a kwana biyun farko bayan shan maganin kuma a binne shi.